Gemu Ba Ya Hana Ilimi: Tambayoyi da Amsoshi Kan Komawar Manya Karatu da Koyon Sana'a a Kaduna

Shekaru ke nan ina koyar da ajin manya a Tudun Wada, bayan sallar isha'i, a wani ajin firamare da ake ara mana idan yara sun tashi. A cikin ɗalibaina akwai mai walda, akwai direban Keke Napep, akwai masinjan ofis, akwai dattijon da jikansa ke zama da safe a kan bencin da shi yake zama da dare. Tambayoyin da na tara a nan ba a cikin aji aka fi yi mini su ba. A bakin masallaci ake ja na gefe, ko a teburin mai shayi idan mutane sun ragu, kuma kusan kullum da murya ƙasa-ƙasa kamar mai neman rance. Shi ya sa na ga ya dace in amsa su a fili. Wanda ya iya karatu, don Allah ya karanta wa wanda bai iya ba tukuna.

Malam, na haura shekara arba'in. Anya kaina zai ɗauki karatu kuwa?

Zai ɗauka, Yaya. Na san abin da ake faɗa maka, wai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wannan magana ce ta tarbiyya, ba ta shafi koyon baƙi da wasali ba. Dubi mai shayin unguwarku: yana riƙe da bashin mutum talatin a ka, wane ƙwai biyu, wane rabin burodi, kuma ba ya ruɗewa. Dubi telan da zai kalli kafaɗarka sau ɗaya ya san yadi nawa zai ishe ka. Kan da ke wannan aikin ba toshewa ya yi ba.

Abubuwan da na ga suna kayar da babba guda uku ne, kuma babu tsufan ƙwaƙwalwa a cikinsu. Na farko ido. Da yawa daga masu cewa "ba na ganewa" gani ne ba sa yi sosai, domin bayan shekara arba'in ƙananan rubutu kan fara dushewa, tabarau na karatu kawai suke bukata. Na biyu gajiya. Na uku, wanda ya fi su nauyi, kunya.

Akwai wani dattijo maƙeri da ya zo mana. Hannunsa ya yi kanta saboda guduma, ranar farko sai da ya karya bakin fensir sau uku, don ya saba duk abin da ya riƙe sai ya danne shi da ƙarfi. Ya ajiye, ya ce shi kam an bar shi a baya. Na ce, "Baba, riƙe shi kamar yadda kake riƙe tsinken sakace." Ya yi shiru, ya sake ɗauka. Bayan wata biyu ya shigo aji da takardar banki a ninke cikin hularsa, ya buɗe ya nuna mana inda ya rubuta sunansa da kansa, bayan shekara da shekaru yana dangwala yatsa. Haruffan sun karkace, amma nasa ne. Duk ajin sai da muka tashi muka ba shi hannu.

In kana son misali daga sama, tsohon shugaban ƙasa Olusegun Obasanjo ya karɓi digirin digirgir a jami'ar karatu daga gida ta NOUN a 2018, yana da shekara 80.

Wannan ba shi ne Yaƙi da Jahilci na zamanin da ba?

Jikansa ne. A shekarun 1950 gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe azuzuwan manya a garuruwa da ƙauyuka, hukumar NORLA da ke Zariya tana buga musu ƙananan littattafai da Hausa, ga kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa tun 1939, wadda duk wanda ya koyi karatu ke ɗokin ya karanta da bakinsa. Kakanninmu da yawa ta nan suka iya rubuta wasiƙa. A 1990 gwamnatin tarayya ta kafa hukumar ilimin manya ta ƙasa, wato NMEC, jihohi kuma suna da nasu ɓangaren.

Sai dai ni sunan nan bai taɓa kwanta mini ba. Mutumin da ya sauke Alƙur'ani, yake rubuta ajami, yake riƙe da gida da sana'a, ba jahili ba ne don bai iya boko ba. Na tabbata wannan kalma ta hana mutane da yawa taka ƙofar aji, saboda shiga ajin kamar amsa sunan ne. A wajenmu ba ma faɗarta. Ajin manya muke cewa. Kuma abin ya faɗaɗa yanzu: ma'aikacin da ke neman digiri da bakaniken da ke koyon sabuwar na'ura duk a layi ɗaya suke da mai koyon a, ba, ca.

Ban taɓa shiga ajin boko ba. Daga ina zan fara?

Ka je sashen ilimi na sakatariyar ƙaramar hukumarku ka tambayi mai kula da ilimin manya, ko ka tambayi hedimastan firamaren unguwarku, domin galibi a azuzuwansu ake yi. Islamiyyun dare da na matan aure da yawa su ma sun haɗa da karatun boko da lissafi.

Ka fara da Hausa. Kada ka yarda a fara maka da Turanci don kana sauri. Rubutun Hausa yadda ake furtawa haka ake rubutawa, shi ya sa mai zuwa a kai a kai kan fara haɗa kalmomi cikin 'yan watanni. Idan ka yi makarantar allo kana da jari babba, don ka riga ka san cewa baƙi da wasali ne ke haɗuwa su ba da sauti. Abin da ya rage maka sabbin siffofi ne da juya hannu daga hagu zuwa dama. Turanci zai zo daga baya, kuma zai zo da sauƙi idan ƙafarka ta tsaya a harshenka.

Nawa zan kashe?

A ajin koyon karatu da rubutu, abin da za ka kashe bai wuce littafin rubutu da fensir da ɗan abin da ake haɗawa na fitila ko alli ba. Kuɗi na gaske yana shigowa ne a jarrabawar sakandare da karatun gaba da ita da kayan aikin sana'a. Ga waɗannan, adashe ya fi rance.

Na gama sakandare tuntuni amma ban samu kiredit a Turanci da lissafi ba. Sai na koma aji da yara?

A'a. Akwai jarrabawar masu zaman kansu. WAEC na yin tata sau biyu a shekara, NECO na yin tata wajen ƙarshen shekara, haka ma NABTEB, wadda ta fi karkata ga fannin sana'a da kasuwanci. Ba ruwansu da shekarunka. Manyan makarantu da yawa suna karɓar sakamakon zama biyu a haɗe, saboda haka ba lallai ka sake dukkan darussa ba, ka sa ƙarfinka a kan waɗanda suka kayar da kai. Ka tabbata sunanka da ranar haihuwarka sun yi daidai da abin da ke kan lambar NIN ɗinka kafin ka cike fom. Bambancin harafi ɗaya, Muhammad a nan Mohammed a can, ya isa ya jawo maka zirga-zirgar watanni.

Za a zo maka da tayin makarantar da ake biya a rubuta wa mutum amsa a allo. Ina roƙonka ka ƙi. Ban da haramcin abin, kai kanka kake cuta: za ka shiga gaba da takardar da ba ka iya kare ta ba, lissafin da ka tsallake kuma yana can yana jiranka a zangon farko.

Ina aikin gwamnati, ga iyali. Zan iya yin difloma ko digiri ba tare da na bar aiki ba?

A wannan fanni mutumin Kaduna ɗan gata ne, sai dai da yawa ba su san abin da ke bayan gidansu ba.

Jami'ar NOUN tana da cibiyar karatu a Kaduna. An kafa jami'ar a 1983 zamanin Shehu Shagari, aka dakatar da ita a 1984, aka farfaɗo da ita a farkon shekarun 2000. Ba a rubuta jarrabawar JAMB kafin shiga, amma sai kana da kiredit biyar har da Turanci da lissafi. A gida za ka yi karatunka, ka yi ayyukan gwaji ta intanet, ka je cibiya lokacin jarrabawa. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ita ma tana da cibiyar karatu daga nesa. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, wadda kowa ke kira Poli, ta samo asali tun 1956, kuma ta daɗe tana da karatun yamma da na ƙarshen mako don ma'aikata.

Malaman makaranta kuwa, hedikwatar Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, tana nan Rigachikun a kan hanyar Zariya. An kafa cibiyar a 1976, musamman don malami ya ƙara karatu yana kan aikinsa, kuma ta nan ana samun NCE ko difilomar koyarwa. Ba wanda ya manta 2017, lokacin da gwamnatin jiha ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa ta ce 21,780 ba su ci ba. An yi ta muhawara kan adalcin abin, har yau ana yi. Abin da na ɗauka daga ciki shi ne, an bar mutane shekara da shekaru a aji ba wanda ya sake koya musu komai, sannan rana ɗaya aka zo da awo. Kada ka jira ma'aikatarku ta tura ka kwas. Ka tura kanka.

Gaskiya ɗaya: karatu daga gida ya fi na aji wuya, don ba mai kiran suna. Kafin ka biya kuɗi, ka gwada zama da littafi awa ɗaya kullum har sati biyu. Idan ka iya, bismillah. Kuma ka sanar da ofishinku a rubuce tun farko, don kada ka gama a ce ba a san da karatun ba wajen ƙarin girma.

Shekarata ashirin ina walda a Panteka. Na yaye yara sun fi goma. Me takarda za ta ƙara mini?

A hannunka ba za ta ƙara komai ba, Maigida. Wanda ya taɓa tsayawa a tsohuwar Panteka ya ga yadda ake mayar da tsohon ƙarfe injin markaɗe, ko injin casar masara, ko ƙofar da za ta shekara talatin, ya san akwai ilimi a wurin wanda ba a samu a kan benci ba. Matsalar ita ce wannan ilimi ba ya tafiya sai inda aka san fuskarka. Idan kamfani ya zo ɗaukar masu walda, ko aka fitar da kwangilar gwamnati, ko wani ya nemi ma'aikata zuwa ƙasar waje, mai tantancewa bai san ka ba, takarda yake tambaya. Sau nawa muka ga wanda bai kai ka ba ya karɓi aikin, ya dawo ya ba ka ka yi masa a rabin kuɗi?

Wannan ne dalilin da ya sa nake matsa wa masu sana'a su nemi shaida. Akwai tsohuwar hanya, jarrabawar gwajin sana'a ta ma'aikatar ƙwadago ta tarayya, mai daraja ta uku da ta biyu da ta ɗaya. Akwai kuma sabon tsari na hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, wadda aka kafa a 1977, kuma tana da ofishi a kan titin Bida a nan Kaduna. Ana kiran takardar NSQ, wato shaidar ƙwarewa a sana'a, kuma mataki-mataki ce. Abin da ya fi burge ni a tsarin shi ne ya yarda da ilimin da mutum ya riga ya samu a bakin aiki. Ba za a mayar da kai aji ɗaya ba. Mai tantancewa zai ga aikinka, ya sa ka yi a gabansa, ya tambaye ka dalilin kowane mataki, ya duba yadda kake kiyaye lafiyarka da ta yaranka, sannan a ajiye ka a matakin da ka cancanta. Farfesa Idris Bugaje, wanda ya shugabanci Poli kafin ya koma NBTE a 2021, ya daɗe yana jan hankali kan Panteka, kuma tun yana Poli aka fara ƙulla alaƙa tsakanin makarantar da masu sana'ar kasuwar. Ka bi ta ƙungiyarku ta masu sana'a, ya fi sauƙi fiye da zuwa kai kaɗai.

Inda na ga gwanaye suna tuntuɓe a nan shi ne abin da suka raina: tabaran walda na gaske maimakon baƙin gilashin kasuwa, safar hannu, takalmi, karanta zanen aiki, auna milimita a tef, rubuta kiyasin kuɗi a takarda. Ɗalibina mai walda ya gaya mini cewa ranar da ya fara miƙa wa mai aiki kiyasi a rubuce, ƙarfe kaza, waya kaza, kuɗin hannu kaza, ranar ce aka daina yi masa tayin wulaƙanci. Don wannan kaɗai ya shigo ajin dare.

Ina da aikina, ina samun rufin asiri. Me ya sa kuke ta cewa a ƙara koyo?

Ka je Kakuri ka ga amsar. A 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna, wasu suka biyo baya, har garin ya zama cibiyar saƙa ta ƙasar nan. Idan aka busa tashi daga aiki, kekuna ne ke cika titi. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a can. Mutum yakan shiga masaƙa yana saurayi da niyyar sai ritaya. A 2002 masaƙar Kaduna ta rufe, a 2007 masaƙar UNTL ta bi sahu. Dubban magidanta suka wayi gari da ƙwarewa a kan injin da ba ya juyawa. Waɗanda suka fi saurin miƙewa su ne masu wani abu na biyu a hannu, wayarin ko ɗinki ko lissafin kasuwa.

Ba masaƙa kaɗai ba. Bakaniken da ya ƙware a kafireta ya ga motoci sun koma injekta, yanzu kuma sai an jona na'ura ta karanto abin da ke damun mota, rubutun kuma da Turanci yake fitowa. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, masu mota da masu Keke ke neman mayar da injinsu ya yi aiki da gas, masu shago kuma suna ajiye janareta suna sa sola. A farkon shekarar 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, mai kayan miya da ba ta iya karanta alat ba sai ta riƙe wayarta ta jira ɗan makaranta ya wuce, wasu kuma aka cuce su da alat na ƙarya. Bayan wannan wahala ne ajinmu ya cika har muka ƙaro benci.

Wace sana'a ce ke ci yanzu?

Ba na son amsa wannan da jerin suna, don duk sana'ar da aka ce tana ci, kafin shekara ta zagayo kowane lungu ya cika da ita. Haka aka yi da POS. Shawarata ita ce ka nemi sana'ar da ke maƙwabtaka da wadda ka sani. Mai wayarin ya koyi haɗa sola da lissafin batir. Bakanike ya koyi wutar mota da na'urar bincike. Birkila ya koyi sa tayil. Tela ya koyi aikin injin surfani. Mai gyaran firji ya ƙara da na'urar sanyaya ɗaki. Ta haka ba daga tushe za ka fara ba, kuma kwastomominka na da su ne na farkon sabon aikin.

Kafin ka yanke shawara, ka zauna kwana uku a shagon mai wannan sana'a ka ƙirga mutum nawa ke shigowa da nawa ke biya.

In koya a wajen maigida ko in shiga cibiyar horaswa?

Kowanne da abin da yake bayarwa. Wajen maigida za ka ga aiki na gaske, ka koyi ciniki da haƙuri da kwastoma, amma za ka iya shekara kana miƙa sifana ba a gaya maka dalilin komai ba, kuma kuskuren maigida ma za ka gada. A cibiya akwai tsari da bayani da takarda, amma wani lokaci ɗalibai ashirin ne a kan inji ɗaya. Wanda ya samu dama ya haɗa biyun.

Gwamnatin jiha ta gina cibiyoyin koyar da sana'a guda uku, a Rigachikun da Soba da Samarun Kataf, an ƙaddamar da su a 2025. Hukumar samar da aikin yi ta NDE da asusun horaswa na ITF, wanda ke aiki tun 1971, su ma suna da ofisoshi a Kaduna kuma sukan ɗauki masu koyo. Zuwa da kai ya fi saƙo: ka je ofishin da ƙafarka, kada ka dogara da abin da aka turo a WhatsApp.

Idan wajen maigida za ka, kai babba ne, ka yi magana irin ta manya tun ranar farko a gaban shaida: wata nawa, me za a koya maka, nawa za ka biya, wane lokaci za ka riƙa tashi don neman abincin gida. Kuma ka shirya zuciyarka, watakila wanda zai ce maka "ɗauko wancan" sa'an ƙaninka ne. Ka ba shi girmansa na malami.

Abin da ba na so shi ne horaswar kwana uku da ake rabon keken ɗinki a ƙarshe, a ɗauki hoto a watse. Ba a zama tela a kwana uku, shi ya sa keken ke ƙarewa a kasuwa. In an ba ka, karɓa, amma ka kai shi shagon tela ka zauna wata shida.

Ni matar aure ce da 'ya'ya biyar. Maigidana yana ganin karatun mace bayan aure ɓata lokaci ne.

Hajiya, ki fara da abin da ya sani ya kuma girmama. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ita ta tsara 'Yan Taru: takan koyar da jagororin mata da ake kira jaji, ta naɗa musu malfa, su shiga ƙauyuka su koyar da matan aure da tsofaffi a gidajensu. Karatun matar aure ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan, gadonmu ne.

Sannan ki zo masa da tsari, kada ki tsaya a roƙo kawai. Ajin mata galibi tsakanin azahar da la'asar ake yi, ko Asabar da Lahadi, a cikin unguwa, malama ce ke koyarwa, kuma ana zuwa da goyo. Ki gaya masa wa zai riƙe yara, yaushe za a ɗora tukunya. In ya ƙi, ki nemi wanda yake jin nauyinsa, yayarsa ko limamin unguwa.

Ku kuma magidanta, ga tambaya. Idan yaro ya yi zazzaɓi da tsakar dare kana tafiya, wa zai karanta adadin maganin da aka rubuta a kwalba? Wa zai duba katin rigakafi ya san ranar komawa? Wa zai duba littafin ɗanka ya gane ko ana koya masa wani abu a makarantar da kake biya? Malamar da ke riƙe da ajin matanmu ta ba ni labarin wata mai ƙosai da ta koyi rubuta abin da ta kashe a wake da mai da itace. A satin farko ta gano cewa kwanon da take ba yara su kai talla faɗuwa take yi a kansa. Ta daina tallar, ta mayar da yarinyar makaranta.

Ana cewa ana koyon komai a waya. Gaskiya ne?

Ana koyon abubuwa da yawa. A YouTube akwai masu koyar da ɗinki da girki da gyaran waya da Hausa. Ga mai sakandare da ke son fannin kwamfuta, gwamnatin tarayya ta fito da shirin 3MTT a 2023 don horar da mutane aikin fasahar zamani, kuma ta intanet ake nema. Amma waya ba ta riƙe hannunka ta gyara maka. Kallon walda ba ya sa a iya walda. Ka kalla da dare, ka gwada da safe a gaban wanda ya iya. Ka riƙa sauke bidiyo lokacin da data ke araha don ka maimaita kallo ba tare da ka sake biya ba.

Ko ba ka da niyyar aikin ofis, ka koyi taɓa kwamfuta. Tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya da ita ake yi, neman aiki da cike fom ma duk sun koma can.

Ta yaya zan gane na damfara?

Duk wanda ya ce ka biya kuɗi a asusun wani mutum don a sa sunanka a shirin gwamnati, ɓarawo ne. Duk wanda ya nemi lambar sirrin katinka ko lambar da banki ya turo maka ta saƙo, ɓarawo ne. Duk makarantar da ta yi alkawarin difloma a wata uku, ko ta ce ba sai ka zo jarrabawa ba, takardar banza za ta ba ka. Makarantar difloma sai da amincewar NBTE, jami'a sai da ta hukumar jami'o'i ta ƙasa, NUC. Ofishin NBTE na cikin gari, kuɗin mota ɗaya ne ka je ka tambaya.

Na taɓa farawa na bari. Ina jin kunyar dawowa.

Kusan duk wanda ya kai ƙarshe a ajinmu ya taɓa ɓacewa. Damina takan kwashe masu gona, azumi ya zo, a yi rasuwa, a yi haihuwa, kasuwa ta yi tsanani. Mun san da haka, ba yara muke koyarwa ba. Ba mai tambayarka ina ka shiga. Abin da ka koya bai gudu ba, kwanciya ya yi, sati biyu ya isa ya tashi.

Abin da ke taimakawa shi ne aboki. Ku zama ku biyu daga layi ɗaya, wanda ya riga shiryawa ya ƙwanƙwasa wa ɗaya ƙofa. Ranar da ba za ka iya zuwa ba, ka karanta ko allon shago biyar ne a hanyarka ta komawa gida, ko rubutun bayan tirela. Ka kuma gaya wa 'ya'yanka kana karatu. Na san da nauyi, amma ban taɓa ganin ɗan da ya raina ubansa a kan haka ba. Abin da na gani shi ne yarinya 'yar aji huɗu tana rakiyar babanta har ƙofar aji, tana riƙe masa littafi.

To, idan na yanke shawara, me zan zo da shi ranar farko?

Littafin rubutu mai layi ɗaya, fensir biyu, abin gogewa da reza. Tabaranka in kana da shi. Tocila ko waya mai caji, don wuta ba ta da tabbas. Ka ci abinci kafin ka fito, mai jin yunwa ba ya riƙe karatu.

Sannan ka zo da abu ɗaya da kake son iya karantawa: rasit ne, takardar haya ce, saƙon da ɗanka ya turo daga Legas ne, ko katin asibiti. Ka miƙa wa malamin ka ce wannan nake so. Daga kansa za a fara.